Alluna a Bakin Dogon Kogi: Kundin Aikin Taswirar Wantastegok

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Shekara uku ke nan ina bin hanyar Vernon safe da yamma zuwa wurin aiki, ban taɓa tsayawa na karanta dutsen nan da ke gefen titi ba sai ranar Talatar da ta wuce, da tayata ta yi faci dab da shi, safaya kuma babu iska. Ina jiran mai jan mota, sanyi na cin kunnuwana, na ce bari dai in ga abin da aka rubuta. Dutsen tunawa ne da Fort Dummer, sansanin da Turawan Ingila suka gina a 1724. Ashe bana yake cika shekara 300. Abin da ya ɗaure min kai shi ne dutsen ba a kan kufan sansanin yake ba. An matso da shi tudu, domin ainihin wurin yana ƙarƙashin ruwa.

Da na dawo gida na ba maƙwabciyarmu labari. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, yarana na ce mata Kaka, ni ma na bi bakinsu. Ta ce, “Ɗana, dutsen ya faɗa maka su wa aka gina sansanin don a tare?” Na ce ban lura ba. Ta ce to in koma in lura.

Daga nan aikin ya samo asali. Za mu bi kogin Connecticut daga Vernon zuwa Bellows Falls, garinmu Brattleboro na jihar Vermont a Amurka yana tsakani, mu rubuta duk allo ko dutsen tarihi da ya shafi Abenaki, 'yan asalin wannan yanki, da zuwan Turawa. Na ja layi huɗu a littafi: inda yake, wanda ya kafa shi, abin da ya faɗa, abin da ya yi shiru a kai. A ƙarshe muna son taswira ta takarda ɗaya mai naɗewa, cikin Turanci mai sauƙi, saboda baƙin da ke ta sauka a garin nan. Ni direba da ɗaukar hoto, Kaka gyaran rubutu. Gaskiya kafin yau abin da na sani game da 'yan asalin Amurka bai wuce “Indiyawan daji” na finafinan kaboyi da muka kalla muna yara ba.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi na shida. Ban iya yawo ba, sai na tare a laburaren gari har la'asar.

Na fara da sunan garin. A ranar 26 ga Disamba, 1753 gwamnan New Hampshire, Benning Wentworth, ya ba da takardar kafa shi, aka sa masa sunan William Brattle, babban mutum a Massachusetts wanda bai taɓa zama a nan ba. Da rikicin neman 'yancin Amurka ya taso ma ɓangaren Sarkin Ingila ya bi, ya gudu Halifax ta Kanada a 1776, can ya rasu. Yadda filin ya shigo hannunsu kuwa abin dariya ne in ba don abin takaici ba. Massachusetts da Connecticut sun yi kuskuren awon iyaka a tsakaninsu, sai Massachusetts ta biya diyya da wasu filaye na nan arewa, Connecticut kuma ta yi gwanjonsu a Hartford a 1716. Cikin masu saye akwai William Dummer da gidan Brattle. Wani kaso na kuɗin ya tafi ga kwalejin da ta zama Jami'ar Yale. An yi awo, an yi diyya, an yi gwanjo, duk a kan gonakin mutanen da ba a gayyata ba.

Su mutanen, Sokoki ake kiransu, reshe ne na Abenaki ta yamma. Kansu suna ce wa Alnôbak, wato mutane, ƙasarsu kuma Ndakinna, ƙasarmu. Kogin da ake kira Connecticut su Kwenitegw suke ce masa, dogon kogi. Inda kogin West ya faɗa cikinsa, wato nan garin, shi ne Wantastegok.

Asabar, 13 ga Afrilu

An sha Sallah ranar Laraba. Yau muka hau gandun jiha na Fort Dummer, wato dajin shaƙatawa na gwamnatin jiha, ni da babban ɗana. Lokacin taɓo ne, ƙanƙara ta narke, takalmana sun zama abin tausayi. Daga kan tudu ana hango shimfiɗar ruwa inda sansanin yake a da. Ba abin da ido zai kama, ruwa ne kawai da agwagin daji.

Abin da na tattara: majalisar Massachusetts ce ta ba da umarnin ginin, Laftanar Timothy Dwight ya jagoranta, aka yi kagara ta gungumen itace mai ƙafa 180 kowane gefe, aka sa mata sunan muƙaddashin gwamna Dummer. Dalilin ginin mutum guda ne, Grey Lock, jagoran yaƙin Abenaki da ya kafa sansaninsa a Missisquoi can arewa kusa da tafkin Champlain. A 1723 ya kai hari Northfield da Rutland a Massachusetts, ya koma ba a kama shi ba. Har aka gama yaƙin ba a taɓa kama shi ba, bai kuma sa hannu a sulhu ba. A Oktoban 1724 mayaƙan Abenaki kimanin 70 suka far wa sabon sansanin. Bayan ƙura ta lafa, a 1728 aka mai da wurin gidan ciniki, mutanen da aka gina kagarar dominsu suka riƙa kawo fatu suna karɓar kaya. Wannan ɓangaren na ciniki ya fi na yaƙin daɗewa, amma ba shi ake ɗorawa a gaba ba.

Kalmar da na fi cin karo da ita a duk inda aka ambaci Fort Dummer ita ce “na farko”: mazaunin Turawa na dindindin na farko a Vermont. Kalmar “dindindin” tana aiki sosai a wurin, domin Faransawa sun riga su da sansanin Sainte Anne a tsibirin La Motte tun 1666. Ita kuma “Turawa” takan zame a bakin mutane, sai ka ji an ce mazauni na farko kawai. Na rubuta a layi na huɗu: na farkon su wa?

Asabar, 27 ga Afrilu

Mun tsallaka gada zuwa Hinsdale a New Hampshire. Tsohon layin dogo da aka mayar hanyar ƙafa da keke yana ɗauke da sunan Fort Hill, kuma na tabbata yawancin masu tseren keke a kai suna zaton wani sansanin Turawa ne. Garin Sokoki ne mai kagara, da suka gina a 1663 a kan tudu. A Disamban shekarar mayaƙan Iroquois, wata al'ummar 'yan asalin ƙasa ta daban, suka kawo musu hari, suka kare kansu, amma cikin 1664 suka tashi suka bar wurin. Masu haƙar tarihi da suka yi aiki a can a shekarun 1970 sun sami ramukan ajiyar abinci, rumbunan ƙasa ke nan, da kayan fatauci na Turawa. Shekara 61 kafin Fort Dummer.

Kaka ta ce Hinsdale ba Vermont ba ce, za ta ɓata mana tsarin taswira. Na ce iyakar jihar ba ta nan a 1663. Ta yi dariya ta ce in saka.

Asabar, 18 ga Mayu

Yau mun ɗan saɓa da Kaka, kuma ina ganin saɓanin ya amfani aikin.

Mun je wata tsohuwar maƙabarta a Vernon don ganin kabarin Jemima Tute. Dutsen kabarinta kansa tarihi ne: ya lissafa mazajenta uku, ya ce biyu na farko, William Phipps da Caleb Howe, 'yan asalin ƙasa ne suka kashe su. A Yunin 1755 aka kai hari ƙaramin sansanin Bridgman da ke nan Vernon, aka harbe Howe yana dawowa daga gona, aka tafi da ita da 'ya'yanta bakwai Kanada. Aka rarraba yaran, ita aka sayar da ita ga Faransawa, daga baya aka fanso ta. Ta dawo, ta sake aure, ta rayu har 1805.

A mota na karanta wa Kaka abin da na rubuta a layi na huɗu, cewa dutsen bai faɗi dalilin harin ba, bai ce lokacin yaƙin Ingila da Faransa ne ba, bai ce gonar da Howe ke nomawa ta wasu ce ba. Ta yi shiru har muka wuce madatsar ruwa, sannan ta ce, “Ɗana, wannan kabari ne. Matar nan an raba ta da jaririnta. Kana so 'ya'yanta su rubuta mata darasin siyasa a kan kabari?”

Ta fi ni gaskiya. Dutsen kabari ba allon gwamnati ba ne, ba a bin sa bashin adalci. Na goge layin. Amma na ce mata abin da ke ci min rai yana nan: na san sunan Jemima, na san sunayen mazajenta, na san Nehemiah How da aka kama a Putney a 1745 ya mutu a kurkukun Quebec, duk daga duwatsu da takardu. A ɗaya ɓangaren fa? A watan Oktoban 1759 sojojin Robert Rogers na ɓangaren Ingila suka ƙone garin Abenaki na Odanak, a Quebec ta Kanada, da asuba, mata da yara na ciki. Su ma iyaye ne aka raba da 'ya'yansu. A duk tafiyarmu ta bakin kogin nan, in Abenaki ya fito a tsohon dutse, to da makami ya fito, ba suna, ba uwa, ba gona.

Muka daidaita a haka: kaburbura za su shiga taswira da bayaninsu kawai, ba sharhi. Sharhin layi na huɗu na allunan da hukuma ko ƙungiya ta kafa ne.

Asabar, 22 ga Yuni

Na yi hayar kwalekwale a karon farko a rayuwata. Uwargida ta ce in na nutse kada in ce ba ta faɗa ba.

Retreat Meadows faffaɗan ruwa ne mara zurfi a bakin kogin West. Sunan kansa yana tona asiri, domin “meadows” fadama ce ta ciyawa. Fadama ce kuwa ta gaske har lokacin da aka kammala madatsar Vernon a 1909, ruwa ya taso ya shanye ta. Kafin ciyawar Turawa, a irin waɗannan fadamun Sokoki ke shuka masara da wake da kabewa, a kogin kuma suna tare kifin da ke hawowa daga teku duk bazara. Madatsar ta datse wa kifin hanya har sai da aka yi masa matakala a 1981.

A nan kusa akwai dutsen da tsofaffin mutanen gari ke kira Indian Rock, mai sassaƙen tsuntsaye masu buɗaɗɗun fikafikai. An zana shi a takarda, an ɗauki hotonsa kafin ruwa ya rufe shi, sannan ya ɓace fiye da shekara ɗari. A 2015 wata mata mai sana'ar nutso, bayan ta shafe shekaru tana lalube, ta gano ɗaya daga cikin sassaƙen ƙarƙashin ruwa da yashi.

Ina zaune a kwalekwalen abin ya faɗo min. Ruwa ɗaya ne ya ci sansanin Dummer ya ci dutsen nan, shekara ɗaya, madatsa ɗaya. Sansanin an tuna da shi tun kafin ruwan ya iso, aka ɗauke dutsen tunawarsa aka kai tudu, daga baya aka ba gandun jiha sunansa. Sassaƙen kuwa aka bar wa ruwa. Na tuna tsohuwar Bussa da tafkin Kainji ya haɗiye a 1968. Can ko ba komai an gina wa mutanen sabon gari da sunan tsohon. Yanzu dai akwai allo a bakin ruwan nan mai ɗauke da sunan Wantastegok, kuma shi ne allo na farko a littafina da ya yi maganar Abenaki kamar mutanen da ke raye. Masana harshen suna fassara sunan da “a kogin da wani abu ya ɓace”. Sunan ya girmi madatsar nesa ba kusa ba, don haka ba zan ƙaƙaba masa ma'anar da ba tasa ba, ko da yake zuciyata ta so.

Ba za mu sa ainihin wurin sassaƙen a taswira ba. Da'ira kawai a kan ruwan.

Da dare na cire kaska biyu a ƙwaurina.

Asabar, 20 ga Yuli

Bellows Falls, tafiyar rabin awa arewa. Abenaki na kiran wurin Kchi Pôntegok, babban mafaɗar ruwa. A nan aka yi gada ta farko a kan kogin Connecticut a 1785, kuma wannan kowa a garin zai faɗa maka. Ƙasa da gadar Vilas, wadda aka rufe tun 2009, akwai fuskoki zagayayyu da aka sassaƙa a jikin dutse, ido biyu da baki, wasu da layuka a ka kamar ƙaho. Sai ka leƙa sosai daga sama kafin ka gan su.

A shekarun 1930 wata ƙungiyar mata masu kishin tarihi ta ɗauko mai sassaƙa ya zurfafa layukan don kada su shafe. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma gyaran gangar auzinawa ne: yanzu da wuya a rarrabe hannun asali da na mai gyara. Na daɗe ina kallonsu. Ɗana ya tambaye ni me suke nufi, na ce ba mu aka sassaƙa wa ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Matsalar haruffa. Harshen Abenaki yana da wasali na hanci da wasu ke rubutawa ô, wasu kuma da lamba 8, don haka za ka ga Pôntegok, ka ga P8ntegok. Joseph Laurent, shugaban Odanak da ya wallafa littafin kalmomin harshen a 1884, da ô ya yi amfani, mu ma shi muka bi. Samfurin haruffan da na zaɓa a kwamfuta sai ya mayar da ô ɗin akwati. Na yi dariya ni kaɗai, domin ciwon da na sani ne: sau nawa aka mayar min da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna, ko aka yanke musu lanƙwasa aka ce ai duk ɗaya ne? Na canza samfuri.

Sannan dutsen da ke fuskantar gari daga tsallaken kogi sunansa Wantastiquet a duk taswirar hukuma. Kalmar nan ce dai, kunnen Bature ya ji ta haka. Za mu rubuta duka biyun.

Asabar, 7 ga Satumba

Makonni uku ban taɓa littafin ba, saboda na iso inda na fi tsoro. Taswirar da ke maganar mutane ba ta fita ba tare da sun gani ba. To su wa za a kai wa?

Jihar Vermont ta amince da ƙungiyoyi huɗu a matsayin ƙabilun Abenaki: Elnu da Nulhegan a 2011, Missisquoi da Koasek a 2012. Elnu su ne na nan kudu, kuma da su ake yin yawancin aikin alluna da sassaƙen da na ambata. Amma gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da ƙungiyar Missisquoi a 2007, ta ce hujjar zuriya ba ta isa ba. Majalisun Abenaki na Odanak da Wôlinak a Quebec, waɗanda Kanada ta amince da su, sun fito fili suna cewa akasarin 'yan ƙungiyoyin Vermont ba zuriyar Abenaki ba ne, kuma jihar ta yi amincewar ba tare da ta saurare su ba. Su kuma na Vermont suna cewa iyayensu ɓoye kansu suka yi shi ya sa takardu ba su nuna su ba, suna nuni da binciken tace iri da Henry Perkins na Jami'ar Vermont ya jagoranta daga 1925 zuwa 1936, da dokar 1931 da ta halatta yi wa mutane aikin hana haihuwa. Majalisar jihar ta nemi gafara kan wannan a 2021, ta kuma ambaci Abenaki cikin waɗanda abin ya shafa. Ɓangaren Odanak na musanta cewa wannan tarihi ya tabbatar da zuriyar kowa.

Maganar asali ce, kuma duk Bahaushe ya san ba a wasa da ita. Ni baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. In na ce zan raba gardamar nan na shiga sharo ba shanu. Amma in na yi shiru na rubuta “Abenaki sun ce” kamar bakinsu ɗaya, na yi irin abin da nake zargin tsofaffin alluna da shi. Kaka ta so mu tsallake batun gaba ɗaya, ta ce baƙon da ya sauka jiya ba ya bukatar wannan nauyi. Na ce ai shi ya fi bukata, don kada ya je ya yi katoɓara a gaban mutane.

Mun tsaya a kan sakin layi ɗaya a bayan taswira: ga waɗanda jiha ta amince da su, ga waɗanda ke Odanak da Wôlinak, ga saɓanin da ke tsakani, a jimla huɗu. Duk allon da muka san da wa aka yi shi, za mu faɗa. Daftarin kuma za a aika wa ɓangarorin biyu rana ɗaya.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ranar 'Yan Asalin Ƙasa, wadda Vermont ta mayar doka a 2019 a madadin ranar Columbus. Ba aiki, sai muka gwada daftarin da wasu abokan aikina uku da iyalansu, daga tsakiyar gari zuwa bakin Retreat Meadows.

Rubutun ya yi yawa, ba wanda ya karanta har ƙasa. Shekarun sun cakuɗe musu, 1663 da 1724 da 1753, suka ce a yi layin lokaci a gefe. Gyara mafi zafi daga wata yarinya 'yar aji shida ya zo. Ta ce, “Kawu, ka ce suna nan har yanzu, amma duk ka rubuta sun kasance, sun yi, sun tafi.” Na duba, haka ne. Wata bakwai ina kama tsofaffin duwatsu da laifin nan, ga shi a takardata daga sama har ƙasa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na sake rubuta duk bayanan, na rage kusan rabi. Layin lokaci ya shiga, ya fara da fadama da kifi kafin ya iso 1663. Kaka ta gyara Turancin, ta maido min da waƙafi goma sha da na zubar.

Abin da ya rage: wasiƙu biyu suna kan tebur, Litinin za su tafi da daftarin. Ba za a buga komai ba sai bayan sabuwar shekara, don a ba su lokaci. Dokar jiha ta 2020 ta ce a riƙa sa sunayen Abenaki a allunan gandun jiha idan an zo sabunta su, don haka sai na sake hawa Fort Dummer in duba allon ƙofa kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Hoton Putney ya yi duhu, a sake. Kuɗin bugu kuma har yanzu ba mu tambayi kowa ba. Uwargida ta ce in fara tambayar nawa ne kwafi 200 baƙi da fari kafin in yi mafarkin mai launi.